BABI NA HUƊU: TARKEN KALMOMIN DA TURANCI KE SIFFANTA BAƘON ABU DA SU, TARE DA MISALAI DAGA ƘASAR BIRNIN GWARI

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin ƙasar Birnin Gwari da dajin da ya kewaye ta, aka kuma taɓo irin Hausar da ake yi a gabashinta, wato yankin Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa. A wannan babi kuwa za a duba wasu kalmomi ne da masu magana da harshen Ingilishi suke jifan labari ko ra'ayi ko al'ada da su idan abin ya zo musu baƙo. Fitattu daga cikinsu su ne "bizarre" da "far-fetched" da "outlandish" da "strange" da "preposterous". Dalilin ware musu babi guda shi ne, kusan duk labarin da ya fita daga wannan yanki zuwa Kaduna ko Abuja ko ƙasashen waje sai ya ratsa ta cikin Turanci kafin ya isa kunnen masu iko. Saboda haka kalmar da aka laƙaba masa a kan hanya ita ce sau da yawa take yanke hukuncin ko za a ɗauke shi da muhimmanci, ko kuwa za a yi dariya a wuce.

Ra'ayin da wannan babi zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, yawancin waɗannan kalmomi nisan abu daga mai magana suke aunawa, amma sai mai sauraro ya ɗauka gaskiyar abin ko ƙaryarsa aka auna masa.

4.1 Asalin Kalmomin

Idan aka bi diddigin kalmomin za a ga cewa da yawansu ba su da wata alaƙa da ƙarya a farkon al'amarinsu. Kalmar "outlandish" tana cikin tsohon Ingilishi, kuma ma'anarta ta asali ita ce abin da ya fito daga wata ƙasa. A fassarar Baibul ta Sarki James ta shekarar 1611 an yi amfani da ita wajen nufin matan da aka auro daga ƙasashen waje, ba tare da nufin cewa matan suna da wata halitta ta daban ba. Sannu a hankali ne ma'anar ta zame daga baƙo ta koma abin da ba ya kan hankali. Haka ma "far-fetched", wadda ta bayyana a ƙarni na 16. Kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya tana nufin nesa, ɗaya tana nufin ɗaukowa, kuma da can kayan fatauci da aka kawo daga nesa ake kira da ita. Yau kuwa idan Bature ya faɗa wa mutum ita a kan maganarsa, to ya ce masa ke nan maganar da wuya ta zama gaskiya. Ita ma "strange" daga Latin ta biyo ta Faransanci, kuma tushenta yana nufin na waje. "Exotic" kuma daga Girkanci take, daga wata kalma mai nufin waje. Kalmomi huɗu ke nan da suka tashi daga wuri ɗaya.

Ba dukkansu ne suka bi wannan hanya ba. "Bizarre" ta shiga Ingilishi ne daga Faransanci a tsakiyar ƙarni na 17, su kuma Faransawa sun aro ta daga Italiyanci, inda take nufin mutum mai saurin fushi. "Preposterous" daga Latin take, an haɗa gaba da baya a kalma ɗaya, kamar dai a ce mutum ya sa riga a baibai. "Absurd" kuma sautin da ya saɓa wa kiɗa take nufi a asali. Waɗannan uku tsari suke aunawa, wato ko abu ya zauna a mazauninsa ko bai zauna ba. Sai dai kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce, tsarin wa? Wanda ya saba da kiɗan garinsu shi ne zai ce na garin wasu ya karkace. Ke nan ta bayan gida su ma sun komo ga batun nisa.

Tarihin kimiyyar Turawa da kansa ya nuna haɗarin wannan ma'auni. A shekarar 1799 aka kai wa George Shaw na gidan tarihin Birtaniya fatar wata dabba daga Ostireliya mai baki irin na agwagwa da jiki mai gashi, sai ya yi zargin ko wani ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba don ya yaudari masana. Dabbar kuwa tana nan da ranta, ita ce ake kira filatifus. Haka kuma dabbar okafi ta dajin Kwango, wadda mutanen dajin suka daɗe suna farautarta, ba ta shiga littattafan Turai a matsayin dabba ta gaske ba sai a 1901, bayan da Harry Johnston ya aika da fatarta da ƙoƙon kanta Ingila. Abin lura a nan shi ne, dabbar ba ta sake ba, kuma shaidar mafarautan ba ta ƙaru ba. Abin da ya sake kawai shi ne an ɗauko ta daga nesa an kawo ta kusa.

4.2 Yadda Bahaushe Yake Rarraba Nasa

Idan aka waiwayi Hausa za a tarar Bahaushe ya rarraba wannan fage gida-gida, kuma kowane gida da hukuncinsa.

Akwai abin da ba shi da samuwa ko kaɗan, shi ne ake kira labarin ƙanzon kurege. Ƙanzo dai shi ne abin da yake kamawa a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo, shi kuwa kurege ba ya ɗora tukunya, balle a sami ƙanzo a gidansa. Wanda ya ce da labari ƙanzon kurege ne bai ce labarin ya zo daga nesa ba, kurege ma ai a bayan gari yake. Cewa ya yi an duba yadda duniya take tafiya an ga abin ba shi da wurin zama. Akwai kuma shaci-faɗi, wato maganar da aka yi ba tare da hujja ba, wadda tana iya dacewa tana iya kuskurewa. Akwai zuƙi ta malle, inda laifin yake kan mai maganar domin da gangan ya shirya ta. Akwai soki-burutsu, maganar da ba ta da kai ba ta da gindi. Sannan akwai bambaraƙwai, wanda karin magana ya yi wa misali da namiji da suna Hajara. Wannan shi ne ya fi kusa da "bizarre", amma a lura, Bahaushe bai ce babu namijin ba, cewa ya yi sunan bai dace da shi ba.

Gidan da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne na abin al'ajabi da na almara. Al'ajabi kalma ce da aka aro daga Larabci, kuma idan aka ce an ga abin al'ajabi, to an yarda ke nan abin ya faru, hankali ne kawai ya kasa ɗaukarsa. Ita kuwa almara, a adabin baka, gajeren labari ne da yakan ƙare da tambaya a bar wa masu sauraro su warware. Daga nan ne aka sami salon maganar nan ta "kamar almara", wadda ake faɗa a kan abin da ya auku a zahiri amma ya yi kama da ƙage. Tzvetan Todorov (1970) ya gina nazarinsa na irin wannan adabi a kan shakkar da mai karatu yake shiga tsakanin yarda da ƙin yarda. A ganin mai wannan nazari, kalmar almara ta riga ta tanadar wa wannan shakka mazauni a Hausa, domin ba ta rufe ƙofar bincike.

Bugu da ƙari, Hausa tana da ƙaramar kalmar nan "wai", wadda mai magana yake sa wa a gaban labari don ya nuna ji ya yi, bai gani ba. Ita kanta kalmar jita-jita daga ji aka gina ta, kuma an ce gani ya kori ji. Tatsuniya ma ba ta ɓoye kanta. Mai yin ta yana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, har ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Duk wannan yana nuna cewa ma'aunin Bahaushe ya fi karkata ga tambayar wa ya faɗa, kuma ta yaya ya sani.

To amma ba za a wanke Hausa tas ba, musamman a nazarin da ya shafi Birnin Gwari. Mutanen da Hausawa suke kira Gwarawa, su Gbagyi suke kiran kansu. Daga sunan da aka laƙaba musu ne aka ƙera kalmar gwaranci, wadda ake faɗa wa maganar da ba ta fita sosai, har da ta yaron da yake koyon magana. Haka kuma idan mutum yana so a yi masa bayani dalla-dalla yakan ce a yi masa gwari-gwari, kamar dai Bagwari ba ya ganewa sai an tauna masa. Wannan shi ne ainihin abin da Girkawa suka yi da suka kira duk wanda ba ya jin harshensu da sunan da daga baya ya zama "barbarian" a Ingilishi. Kalmomi irin su ƙauyanci da gidadanci su ma nisa daga birni suke aunawa. Ke nan cutar ba ta Turanci kaɗai ba ce. Bambancin shi ne, a Nijeriya ta yau Turanci ne harshen ofis da kotu da babbar jarida, don haka hukuncinsa ya fi tsada.

4.3 Turawan Farko da Adabin Hausa

Turawan mulkin mallaka da suka tattara adabin baka na Hausa sun yi aikin da har yau ake cin moriyarsa, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Amma sunayen littattafansu kaɗai sun isa su nuna da wane ido suka kalli abin. A. J. N. Tremearne ya fitar da "Hausa Superstitions and Customs" a 1913, inda kalmar da ta biyo bayan Hausa take nufin camfe-camfe, sannan a 1914 ya fitar da "The Ban of the Bori", wanda a ƙaramin sunansa ya kira bori rawar shaiɗanu. Tun daga bango an riga an gaya wa mai karatu a Landan cewa baƙon abu zai shiga kallo. Shi kuwa Frank Edgar, a "Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa" mai juzu'i uku da ya fito tsakanin 1911 da 1913, ya zuba labaran sarakuna da na yaƙe-yaƙe a ƙarƙashin suna ɗaya da labaran Gizo da Ƙoƙi, alhali Bahaushe ya bambanta labari da tatsuniya. Sai da Neil Skinner ya zo fassara aikin, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1969, sannan ya sake jera su bisa nau'o'insu.

Inda batun ya fi armashi shi ne a ƙagaggun labaran gasar 1933 da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East. Biyu daga cikin marubutan da suka yi nasara, wato Abubakar Imam da wansa Bello Kagara, mutanen Kagara ne, garin da yake maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari ta yamma maso kudu, a Jihar Neja ta yanzu. East da kansa ya bayyana a maƙalarsa ta 1936 a mujallar "Africa" irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari aiki ne da ya cancanci mai ilimi. Wato su malaman ba baƙuntar abin ce ta dame su ba, ƙaryar da ke cikinsa ce, wadda a wurinsu aikin mata da yara ne da dare.

"Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam ya dace da wannan babi fiye da kowane littafi, domin jigonsa gaba ɗaya a kan maganar da aka ƙaryata aka gina shi. A fadar Kwantagora Liman ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, aka mayar da maganarsa abin ba'a domin ba wanda ya yarda akwai wannan ruwa. Wannan wulaƙanci ne ya fitar da Alhaji Imam daga gida, ya yi shekaru yana yawon duniya har ya samo ruwan ya kawo. Idan da za a fassara hukuncin fadawan nan zuwa Turanci, da "far-fetched" za a fassara shi. Abin sha'awa kuma shi ne, ruwan ya cika ma'anar kalmar ta asali, tun da daga nesa aka ɗauko shi. Marubucin ya sa nisan da ya jawo aka ƙaryata Liman ya zama shi ne hanyar wanke shi. Sannan a tsawon tafiyar ya cika littafin da ƙarairayi da damfarar da Alhaji da Malam Zurƙe suke yi wa juna da sauran jama'a, waɗanda mutane suke hadiyewa ba tare da tambaya ba. A nan ne gwanintar littafin take: ƙaryar da aka shirya da kayan gida tana shiga, gaskiyar da ta ambaci wuri mai nisa kuwa ana yi mata dariya. Rauninsa ta wannan fuska shi ne, yawan barkwancin yakan sa mai karatu ya manta da Liman da abin da aka yi masa har sai can kusa da ƙarshe, ta yadda jigon yake neman ɓacewa a tsakiya.

"Ganɗoki" na Bello Kagara kuwa an saba raba shi gida biyu. Kashi na farko ana kiransa na tarihi, domin ya ƙunshi yaƙe-yaƙen zamanin zuwan Turawa, kashi na biyu kuma ana kiransa na tatsuniya, domin jarumin ya shiga ƙasashen gabas yana fafatawa da aljanu. Wasu manazarta suna ganin wannan tsallake a matsayin rauni a zubi da tsarin littafin. Mai wannan nazari bai musa cewa ɗinkin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya fito fili ba. Amma ya kamata a tambaya, a wurin wa kashi na biyu ya fi na farko nisa da hankali? Sojojin Lugga sun ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a cikin wannan shekara. Ga mutumin Kagara ko na Birnin Gwari na wancan lokaci, aljanu sanannu ne, yana jin labarinsu tun yana yaro, kuma addininsa ya tabbatar masa da samuwarsu. Abin da bai taɓa ji ba shi ne 'yan tsirarun mutane su zo daga bayan teku da bindiga mai ruwa su rusa daular da ta shekara ɗari cikin shekara uku. Idan akwai abin da ya yi kama da almara a littafin, to a kashin da ake kira na tarihi yake. Rabon da ake yi wa littafin, ke nan, da ma'aunin mai karatu na waje aka yi shi.

Irin wannan ta faru a kudancin ƙasar nan ma. Da littafin Amos Tutuola "The Palm-Wine Drinkard" ya fito a Landan a 1952, Turawa irin su Dylan Thomas sun yabe shi, amma 'yan boko da yawa na gida suka ji kunyarsa, suna ganin baƙuntarsa ce kawai ta burge Turawa. Wannan ya nuna yabo da suka duka suna iya fitowa daga ma'auni ɗaya.

4.4 Jaridun Turanci da Labaran Dajin Birnin Gwari

A 'yan shekarun nan kalmar "bizarre" ta yi kasuwa a rahotannin da ake yi kan Nijeriya. A watan Fabrairu na 2018 aka ba da labarin wai maciji ya hadiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB da ke Makurɗi. A Disambar wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari, yana ƙasar Polan, ya fito ya ƙaryata jita-jitar da ake yaɗawa cewa ya rasu an musanya shi da wani mutumin Sudan mai suna Jubril. A watan Yuni na 2019 kuma aka ce goggon biri ya cinye naira miliyan 6.8 a gidan namun daji na Kano, har Gwamna Abdullahi Ganduje ya bayyana cewa babu ma goggon biri a gidan. Wannan na ƙarshe shi ne ƙanzon kurege tsantsa, tun da dabbar da aka ɗora wa laifin ma babu ita. Jaridu da dama na gida da na waje sun siffanta waɗannan labarai da "bizarre", kuma ba wanda zai ce sun yi kuskure.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki wannan kalma da 'yan uwanta, waɗanda kunne ya riga ya saba jin su tare da maciji da goggon biri, aka ɗora wa labarin da ya fito daga bakin manomi. Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, amma shekaru da dama wannan hanya ta kasance sai da rakiya ko da kasada. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina, ya zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a harin Gwaska. Daga ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna na kusan wata biyu, bayan ta riga ta dakatar da kasuwannin mako a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Birnin Gwari. Ko mene ne amfanin waɗannan matakai ta fuskar tsaro, sun ƙara wa yankin nisa. Labarin da zai fito daga Kuyello a irin wannan lokaci sai ya bi ta bakin direba, ya faɗa wa ɗan uwa a Funtuwa ko Zariya, shi kuma ya faɗa wa wani, kafin ya kai ga wanda zai rubuta shi da Turanci. Kafin ya isa ya tara "wai" uku ko huɗu, kuma Turancin jarida ba shi da inda zai ajiye su duka, sai ya dunƙule su a kalma ɗaya mai nuna shakka.

Alhali kuwa abubuwan da suka tabbata a wannan yanki da kewayensa sun fi ƙarfin abin da mai ƙaga labari zai yi gangancin rubutawa. A watan Yuli na 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin sojan sama a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da lema ya tsira. A watan Agusta na wannan shekara aka shiga har cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya. Ranar 28 ga Maris, 2022 aka dasa wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna bam aka kwashe fasinjoji fiye da 60, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Da wani ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan kwana guda kafin aukuwarsa, da "far-fetched" za a amsa masa.

Misalin da ya fi shafar gabashin Birnin Gwari shi ne na ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012. Mutanen ƙauyukan yankin su ne suka fara ganin baƙin da suke wa'azi, suna raba kyauta, suna kuma yi wa jama'a alkawarin kare su daga ɓarayin daji. Ga wanda yake zaune a birni, a ce masu ɗauke da makamai suna faɗa da wasu masu ɗauke da makamai don su sami yardar talakawa, abu ne bambaraƙwai. A 2022 Ƙungiyar Ci Gaban Masarautar Birnin Gwari, wadda aka fi sani da BEPU, ta yi ta fitar da sanarwa da Turanci cewa 'yan ƙungiyar sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan gabashin masarautar, kuma manoma suna biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonakinsu. A cikin wannan shekara jaridu suka buga labarin wasiƙar da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya aika wa Shugaban Ƙasa yana gargaɗin cewa 'yan ta'adda suna kafa tasu hukumar a yankin. Maganar ba ta sake ba daga yadda manoma suka faɗe ta tun farko. Kamar okafin da aka ambata a baya, ɗauko ta aka yi aka kawo kusa, ta fito daga bakin da ake jin Turancinsa.

Ba ana nufin duk abin da ya fito daga daji gaskiya ba ne. Tsoro yana haifar da ƙari, kuma akwai masu cin riba da jita-jita. Labarin jirgi mai saukar ungulu da ake cewa yana sauka a daji yana kawo wa 'yan bindiga makamai ya zaga Zamfara da Katsina da Neja da Birnin Gwari, kuma kusan kullum da "wai" yake tafe. Wanda ya kira shi "far-fetched" ya rufe maganar, domin ya sa shi a layi ɗaya da maciji mai cin kuɗi. Wanda ya rantse a kansa ba tare da ya gani ba shi kuma ya yi shaci-faɗi. Gwamnatin Tarayya dai ba ta ɗauke shi abin dariya ba, domin a watan Maris na 2021 ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara, bayan ta riga ta hana haƙar ma'adinai a jihar tun 2019, saboda zargin ana musayar zinariya da makamai. Kalmar da ta dace da irin wannan labari a Hausa ita ce almara a ma'anarta ta adabi, wato labarin da ya ƙare da tambaya. Tambayoyin kuwa sanannu ne: wa ya gani da idonsa, a wace rana, a wane daji, kuma jirgin wane launi ne, tun da jiragen soja ma suna shawagi a wuraren.

Wannan ya jawo batun masu fassara labarai a gidajen rediyo, waɗanda ta bakinsu ne mutanen Kuyello suke jin yadda duniya ta ɗauki labarinsu. Sau da yawa akan ji an fassara "bizarre" da abin mamaki ko abin al'ajabi. Kamar yadda aka nuna a 4.2, waɗannan kalmomi na Hausa suna ɗauke da yarda cewa abin ya faru, alhali marubucin Turancin wataƙila ba'a yake yi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan manomi ya ce abin da ya same su kamar almara, aka juya shi zuwa Turanci da kalmar da take nufin tatsuniya, to an mayar da shaidarsa ƙage da bakinsa. A ƙarshen Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, duka kalmomin biyu sun yi aiki a rana ɗaya. Mai sayar da shanun da ya ga kara ta cika yana iya cewa abin kamar almara, yana nufin ga shi ya gani da idonsa. Wanda aka kashe wa 'yan uwa, ya ji an ce waɗanda suka yi kisan sun ajiye makami, shi kuma yana iya cewa tuban nasu ƙanzon kurege ne. Mai fassarar da ya ba su kalmar Turanci guda ya haɗa mai shaida da mai ƙaryatawa a baki ɗaya.